Mutumin da Ya Jera wa Gwaggo Gurabe

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai da rabi Baba Allo yake shiga ɗakin masu manhaja na kamfanin jigilar kaya, ya rataye hularsa a ƙusa, ya goge tabarau da gefen riga. Shi ya zana duk allon kwamfuta da ma'aikata ke cike bayanan kaya a kai, har sunan ya bi shi. Matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa.

Tsohuwar manhajar zanensa ba ta da fara'a. Baƙin allo ne da korayen haruffa, kowane gurbin shigar da bayani sai ka ƙirga layi ka dasa shi da hannu, allo ɗaya ya ci mako. Sabuwar da aka kawo bana kuwa, da linzamin kwamfuta kake jawo gurbi ka ajiye, kafin la'asar ka gama, ga launi, ga shi tana buɗuwa a waya. Baba bai yi gardama ba, ya ce ta fi tasa nesa ba kusa ba. Sai dai hannunsa ya soma rawa, linzami ba ya tsaya masa. Aka yi masa godiya, aka sa masa ranar ritaya.

A ɗakin rajista akwai wadda kowa ke kira Gwaggo. Idonta ya yi rauni tun tuni, yatsunta ne suka haddace tsohon allo: suna, ta danna maɓallin tsallake, nauyi, ta tsallake, gari. Sabuwar manhajar kuwa tana tsallakawa ne bisa yadda sabon mai zane ya jawo guraben, shi kuma ya jawo su yadda suka zo masa. Nauyin kaya ya riƙa faɗawa gurbin lambar waya. Aka ce Gwaggo ta tsufa, in wata ya ƙare ba ta gyaru ba, ta huta a gida.

Baba ya ja kujera kusa da ita, kwana uku yana kallon yatsunta yana rubutu. Ya roƙi shugabar sashe ta ba shi allunan rajista ya jera su yadda yatsun Gwaggo suka saba. Mu masu ɗakin manhaja mun ga yadda yake dafe hannun dama da na hagu, gurbi ya kuɓuce masa, ya sake kamowa. Allo goma sha ɗaya ya sake jerawa a haka. Abin ya ba ni tausayi, har yau ina jin kunyar cewa cikinmu babu wanda ya lura kafin shi.

Ranar da zai tafi, Gwaggo ta cike takarda arba'in babu kuskure. Ta laluba ta riƙe hannun rigarsa.

"Yaya, ni ban ga abin da ka yi ba," ta ce, "amma yatsuna sun gane ka."

A jawabin sallama an yabi sabuwar manhaja sau huɗu, ba a ambaci wannan aikin ba.

Kai ne ka san allo na mai cike shi ne, Baba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar hannu. Ku kuma masu zane, kafin ku jawo gurbi na gaba, ku sauka ɗakin rajista ku zauna kusa da wadda za ta wuni a kansa. Gwaggo tana nan a tebur na uku, har yanzu in allo ya yi mata daidai sunansa take kira.