Rigar Baba a Bukkar Garka

Saboda ɓarayin albasa Baba ya kawo kare garkarmu ta Badaguishiri, amma karen nan bai taɓa yarda albasa aka ba shi tsaro ba. Shi Baba yake tsaro. Da Baba ya juya baya sai ya kama kuka kamar jinjiri. Muka ɗaure shi da igiyar kaba, ya tauna ta. Muka kewaye shi da darnin kara, ya tona ƙarƙashi. Har sakatar ƙyaure ya koyi turewa da hanci, ɗan banza. Ranar da ya bi sawu har ƙofar masallaci ya kwanta kan takalman Baba, sai da liman ya yi magana.

Inna, wadda ba ta bari ya ko shinshini tabarmarta, ita ta samo dabara. Ta ɗauko tsohuwar rigar da Baba ke ban ruwa da ita, duk gumi, ta ce a shimfiɗa mishi a bukkar garka. Tun daga nan ya zauna. In warin ya gushe, Baba ya sake sa ta ya wuni, ya mayar mishi.

Da Baba ya rasu, malam ya zo rabon gado, aka fito da komai tsakar gida. Ƙanen Baba ya tuna akwai sauran riga a garka. Na miƙe zan ɗauko, Inna ta riƙe hannuna.

"Bar mishi," ta ce. "Mu an yi muna ta'aziyya. Shi wa ya gaya mishi?"