Zare mai kitso, zaren mai kitso

Ina shigowa gida na tarar da mata biyar a tsakar gida, kowacce kanta na ɗaure da koren zare sai ƙyalli yake. Na tsaya ina kallo. Wallahi zarena ne.

Sandunan fatsa huɗu gare ni, kowacce da abin naɗe zarenta. Na gaji da sayen zare kaɗan-kaɗan, sai na sa aka taho min da ƙaton naɗi guda daga Kano, irin wanda aka kitsa kamar tufka, ba ya tsinkewa ko giwan ruwa ya ja. Da safe na kira maiɗakina a waya na ce, “Direba zai kawo zare mai kitso, ki karɓa.”

Ita kuma abin da ta ji shi ne “zaren mai kitso”. Ta karɓa ta miƙa wa Talatu, maƙwabciyarmu mai kitso.

Na ce, “Maman Amira, wannan fa na kamun kifi ne! Gobe Asabar zan je kogi.”

Ta shafa kanta ta ce, “Baban Amira, wata uku kana zuwa kogin nan, ko tarwaɗa ɗaya ban gani a tukunyata ba. Yau kaɗai zaren nan ya kama mutum biyar.”

Talatu ma ko kunya babu, wai a ina ake samunsa, bai taɓa tsinke mata a hannu ba.

Zaren da ya rage, sanda ɗaya kawai zai isa. Jama'ar Wudil, ku faɗa min gaskiya: bakina ne da laifi ko kunnenta?