Shekarun da Ba Kowa a Bayana

Ni ban taɓa ɗibar auduga ba, ko da yake a tsakiyarta aka haife ni, a wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Haddad. Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina ƙarama. Idan lokacin ɗiba ya zo, mata suka ci ɗamara suka nufi hawasha, wato gonakinmu na ban ruwa, ni gida nake zama. Kuma ban ƙi ba, don ina son gida ina son hira.

Abin da ya biyo bayan zaman gidan shi ne 'ya'yan mutane. Kafin rana ta ɗaga, tabarmata ta cika da jarirai a ƙarƙashin rumfa. Wanda ya karɓi kunu in ba shi kunu. Wanda ya ƙi, ya yi ta tsala ihu, idan ina da goyo a lokacin sai in juyo shi in ba shi nono. Uwarsa ta dawo da yamma in ce, "Na ba shi." Ta ce, "Allah ya saka." Shi ke nan. Ba wanda ya rubuta.

Shekaru suka tura. Ɗiyata, autata, ta yi karatu ta sami aiki a wani kantin magani a Hasahisa. Na biyu cikin 'ya'yan maƙwabciyata, wanda ke gyaran injin ban ruwa, ya ce yana sonta, ita ma ta ce tana sonsa. Har an fara maganar sa rana. Ranar nan muna shan gahawa da hantsi, Goggo, ƙanwar baban maigidana, ta ajiye finjali ta ce, "Wanga yaro bai sha nononki ba? Ni da idona na ga ɗan maƙwabciyarki a ƙirjinki, nan ƙarƙashin rumfar ga."

Ba ƙarya ta yi ba, ni ma na tuna. Amma wanne? Maza uku maƙwabciyata ta haifa, kai ɗaya, kunne ɗaya, kuma dukansu sun kwanta a tabarmata. Da na tambaye ta sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ƙawa, ni ina hawasha, ke kina gida. Ni za ki tambaya?"

Maigidana ya kai maganar wurin liman. Liman ya ce duk yaron da ya sha nonon mace kafin yaye ya zama ɗanta, ya zama ɗan'uwan duk 'ya'yanta, na gaba da na baya, ba aure tsakaninsu. Amma yayyensa da ƙannensa da ba su sha ba, abin bai shafe su ba. Ya ce ba zai ɗaura ba sai an san wanda ya sha. Ya ce mu je mu tuna.

Ran Alhamis ɗiyata ta sauka daga bas, idonta a kumbure. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ci abinci, ta wanke hannu, ta fito da wayarta. Ta nuna mini wani abu a ciki da take tsara magungunan kanti da shi. Ta ce kowane magani yana da layinsa, kowane layi an raba shi gida-gida: sunansa, ciwon da yake yi wa, inda aka ajiye shi. In ta taɓa nan, duk maganin tari ya taru wuri ɗaya. In ta taɓa can, su watse su sake taruwa bisa inda aka ajiye su.

"Yau ke ce kantin, Inna," ta ce. "Duk abin da kika tuna na yaran da aka bar miki, ki faɗa. Kada ki tsara, ki zuba kawai yadda ya zo."

Na ce, "Ni da ban san lissafin shekara ba?"

"Ba shekara nake nema ba. Abu uku: ɗan wa, me ya faru, wa ke goye a bayanki a lokacin."

To, ni tunanina a kunne yake. Ba na riƙe wata ko shekara, amma in aka yi magana a gabana, ko yaro ya yi kuka, yana nan. Kwana biyu muka yi a ƙarƙashin rumfa, ina zuba tana rubutawa da yatsa. Na ba ta labarin jaririn da kukansa ya yi kama da na ɗan akuya, har akuyarmu tana amsa masa. Na ba ta na yarinyar da ba ta barci sai an kaɗa mata cokali a kwano. Kowane labari na gama sai ta ce, "Wa ke bayanki?" In ce yayanki babba, ko yayanki ƙarami, ko ke. Har na gaji na ce, "Ke, alƙali ma yana barin mutum ya haɗiye yawu." Ta ce, "Alƙali ba shi ne zai rasa miji ba, Inna."

Maƙwabciyata ta shigo da faifan gyaɗa tana ɓarewa, tana tsoma baki. Ita ta tuno ranar sunan yaron nan, na biyun. Ni ma ina tune da ranar, ban dai so faɗa ba. Ni na kwana biyu ina taya su aikin abinci. Ana cikin raha wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya kawo naki, yarinya, an daɗe." Da alheri ta faɗa. Na ajiye ludayi na zaga bayan garken awaki na yi kukana na dawo.

"Wa ke bayanki?" in ji ɗiyata, ba ta ɗago ba.

"Ba kowa," na ce.

Bayan na yaye yayanta ƙarami, haihuwa ta tsaya mini shekara shida. Ba na son zancen shekarun nan, ko da kaina ba na yinsa. Na yi sauri na koma labarin yaron da ya haɗiye ƙwallon dabino, muka yi dariya, aka wuce. A layin labarin sunan, ɗiyata ba ta sa komai a gidan mai goyo ba, ta bar shi fari.

Haka muka yi ta yi, labari na bin labari ba kai ba gindi, na bara a kan na shekara ashirin. Ranar Asabar da la'asar ta ce ya isa. Ta matso kusa da ni a tabarma, maƙwabciyata ta leƙo ta kafaɗarta. Ta ce, "Yanzu zan ce wa abin nan na waya ya tara su bisa wanda ke bayanki." Ta taɓa wuri ɗaya.

Karatuna bai kai in karanta ƙananan rubutun nan ba, amma ina da ido. Na ga layukan sun motsa da kansu. Kamar yadda awakin ƙauye ke dawowa da yamma a cakuɗe, su zo bakin gari kowace ta karkata gidansu ba mai kora, haka suka yi, kafin in ƙifta ido. Maganganun da na kwana biyu ina zubarwa, ga su sun tsaya kashi huɗu. Na ce, "Subhanallahi," a hankali.

Ta fara karanta mana. Kashi na farko, lokacin goyon yayanta babba. Na biyu, lokacin yayanta ƙarami, kuma a nan ne sunan ɗan farin maƙwabciyata ya faɗo, a nan ne kuma ranar da na ba wani ɗanta nono Goggo tana zaune tana tsefe kai. A lokacin ɗa ɗaya gare ta, ita maƙwabciyar tawa. Kashi na uku nata ne, ɗiyata, kuma a ciki ga autan maƙwabciyata, har sau biyu "na ba shi".

Ta ja yatsa ƙasa zuwa kashi na huɗu, wanda ba shi da suna a kansa, inda duk layukan da ta bari fari suka taru. Ta ci gaba da karantawa. Ranar sunan yaron nan na biyu tana ciki. Fitar haƙorinsa na farko yana ciki. Ranar da ya rarrafa ya faɗa kwata yana ciki. Har ranar da za a kai shi yaye wurin kakarsa, uwarsa ta kawo mini busasshen kifi, warin ya sa ni amai, ta yi dariya ta ce, "Ƙawa, wannan ba kifi ba ne, ciki ne." Cikin ɗiyata ke nan, bai fi wata biyu ba. Daga haihuwarsa har yayensa, duk a kashin nan yake. Kuma kashin kaf ba "na ba shi" ko ɗaya, ga ɗan kowa. Kunu ne da cokali, shekara shida.

Ni na faɗi kowanne da bakina, kowanne yana cikin kaina tun tuni, amma ban taɓa ganin su gefe da gefe ba. Shekarun da nake rufewa kamar tukunyar da ta lalace, ashe a cikinsu aka haifi yaron aka raine shi aka yaye shi. Yayansa ya sha, ƙanensa ya sha, shi kaɗai ya faɗo a tsakiya inda ba abin sha. Na daɗe ina kallon wayar nan. Maƙwabciyata ta zubar da gyaɗarta ba ta sani ba.

"Kin ga," ta ce wa ɗiyata tana share ido, "kin sami miji da 'yan'uwa biyu a gida ɗaya. In ya ɓata miki rai, su za su riƙe miki shi."

Liman bai ko karɓi wayar ba. Ya ce waya ba ta shaida, mutane ke yi. Ya tambaye ni, ya tambayi maƙwabciyata, ya sa aka kira Goggo. Ya ce mata, ranar da ta gani, wa ke bayana? Ta rufe ido ta ce, "Ɗan cikinta na biyu, yayan yarinyar, mai yawan dalalar yawu. Ya jiƙa mata zane har ƙugu." Liman ya ce to, babban ɗan maƙwabciyata ne ya sha. Bayan an yanke dawa aka ɗaura aure.

Yanzu in sun zo hutu daga Hasahisa, ta sauke mini jikata a tabarma, nakan ce ta buɗe mini kashin nan na huɗu in gani. Ba na karantawa, kallo kawai nake yi. Wata rana ta ce, "Inna, bari in sa masa suna, bai kamata ya zauna fari ba." Na ce ta bar shi yadda yake, na san shi.