Hadarin da Ya Taso daga Teku

Na ga tsuntsayen nan a tafkunan Turai, fararen agwagi manya masu dogon wuya, waɗanda Larabawa ke kira baja'a. Da na ji an kawo guda biyu wani lambun shaƙatawa a arewacin Jidda, sai na tafi ni kaɗai. Mai gadi ya tare ni, wai wurin na iyalai ne. Duk furfurar nan tawa ba ta sa ya ɗauke ni iyali ba.

Dole na nemi aron jikata. Uwarta, matar ɗana, haifaffiyar unguwar Ammariyya ce a nan Jidda, ba ta yarda yarinyar ta yi nisa. Da ƙyar ta amince, ta ce, "Baba, an ce za a yi ruwa. In ka ga alama, don Allah ku juyo."

Na leƙa gabas, sama fes. A garinmu daga gabas hadari ke tasowa, haka na san shi tun daga Katsina har Yamai. Na ce mata babu komai.

Muka bi ta ƙaramin lambun unguwa, inda kyanwoyi suka fi mutane yawa, muka shiga na biyu mai kallon teku. Nan iska ta fara kaɗa dabinai. Jikata tana jin Hausa, amma bakinta ya fi sakewa da Larabci. Ta ja hannun rigata.

"Jaddi, dubi can."

"Amarya, hadarin yamma ba ya zubar da ruwa. Ko tsoro kike ji?"

"Kai ne tsoho. Yalla, mu je, in ka faɗi ba zan ɗaga ka ba."

Ba mu kai ƙarshen lambun ba ruwa ya sauko. Na sha dukan ruwa a Landan, amma can ƙasa na shanyewa. A Jidda titi ne ke komawa kogi. Tasi duk suka ɓace. Wayata tana ta ruri a aljihu, na san mai kira.

Da muka isa lambun tsuntsayen, ƙofa a kulle. Mai gadin nan dai, daga cikin ɗakinsa, ya ɗaga hannu: "Halas, ya hajji, an rufe."

"Ga iyalin na kawo."

Ya nuna mini sama.

Ta tsakanin ƙarafan shinge muka hango su a ƙarshen tafkin, sun cusa kai cikin fiffike, ruwa na dukansu. Dogon wuyan da na yi ta ba ta labari ko alamarsa babu.

"Waɗannan ne?" in ji ta, haƙoranta na kaɗawa. "Kamar matashin kai."

Ɗana ne ya zo ya kwashe mu. Uwarta ba ta ɗaga mini murya ba. Ta naɗe yarinyar da tawul, ta kawo mini shayi, ta ce, "Baba, nan gaba sai dai ku yi hirarku a gida."

Tsuntsayen suna nan, an ce. Ni kuwa har yau ba ni da wanda zan shiga da shi.