Baba Inuwa da Ragowar Shayin Ɗahiru

Da an sallame sallar asuba, Baba Inuwa ba ya tsayawa doguwar gaisuwa a ƙofar masallaci. Kai tsaye yake wucewa gindin dalbejiyar da ke bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi, nesa kaɗan da ƙofar asibitin koyarwa, ya kafa tebur, ya ɗora ruwa. Shekara talatin da biyu ke nan yana haka. Masu shayi a Tarauni ba sa ƙirguwa, amma shi kaɗai na sani yana bin masu lemo da yamma yana karɓar ɓawon da suka feraye. Sai ya kankare farar fatar da ke jikinsa, don ita ke kawo ɗaci, ya shanya a ɗaki kada rana ta kwashe ƙamshin, sannan ya haɗa da citta da kanumfari da ɗan girfa, ya jefa cikin baƙin shayi. In ka kurɓa, lemon ne ke fara isa hanci, citta ta biyo baya tana ɗan kartar maƙogwaro, kanumfari kuwa ya zauna a harshe har ka isa wurin aiki. Kuskure ɗaya za ka yi, ka ce a zuba maka madara a ciki. Kallon da zai yi maka ya ishe ka kwana biyu.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna tsokanarsa a kai. Ba ya miƙa kofi ya juya baya, sai ya tsaya ya zuba maka ido har ka yi kurɓar farko. Mu dai cewa muke yi yabo yake jira, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba.

Wata Talata, bara waccan, wajen ƙarfe bakwai da rabi, ina zaune a bencinsa sai ga Ɗahiru, wani ɗan adaidaita sahu mutumin Sumaila da bai fi shekara biyu da shigowa Kano ba. Ya ɗauko mata uku za su Unguwa Uku, ya roƙe su minti biyu don kansa na sarawa. Baba ya miƙa masa kofi, ya tsaya yana kallo kamar kullum. Ɗahiru ya kurɓa, shayin ya zubo ta gefen bakinsa na hagu ya jiƙa masa riga, shi ko a jikinsa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, harshen ya yi nauyi kamar na mai magagin barci.

Baba ya karɓe kofin ya ajiye a tebur, ya ce masa ya ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a. Na dama ya tsaya, na hagu ya sulale ƙasa. Ban taɓa ganin tsohon nan ya yi sauri irin na ranar ba. Kafin mu ankara ya isa wurin adaidaitar ya zare makulli, ya ce wa matan su nemi wata. Ɗahiru ya yunƙura zai ƙwace abinsa, gwiwa ta ƙi, ya zube a ƙasa.

Nan da nan 'yan adaidaita suka cika wurin, shugabansu Lawan a gaba. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, a kai shi gida a yi masa hayaƙi. Can daga baya wani ya ce mutum lafiyarsa ƙalau ya zo, daga shan shayi ya faɗi, kuma wa ya san abin da tsohon ke zubawa wanda sauran masu shayi ba sa zubawa? Maganar ta kama kamar wutar kara. Aka hankaɗe benci, na ga wani ya sunkuya ya ɗauki katako. Ɗahiru na kwance yana lumshe ido, kowa na ta hayaniya a kansa, babu mai ɗaga shi.

Zan faɗi abin da na yi, ko da yake ba na son tunawa. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina shan shayin nan, ban ce uffan ba. Na dubi kofin da ke hannuna, na karkata shi a hankali na zubar a ƙasa.

Baba Inuwa ya ɗauki kofin Ɗahiru ya ɗaga sama kowa ya gani, ya shanye ragowar tas har da guntayen ɓawon, ya kife shi a kan tebur.

"Lawan, in guba ce, ga ta a cikina," in ji shi. "Ku zauna ku tsare ni. Amma shi ku kai shi asibiti yanzu, ba gida ba. Jijiyar kai ce, kuma mintoci ake ƙirgawa."

Lawan ya tsaya yana dubansa, mu kuma muna duban mai katakon. Daga nan ya miƙa hannu ya karɓi makullin, aka ciccibi Ɗahiru aka sa a bayan adaidaitarsa, ya ja da kansa. Amma ya bar mutum huɗu a kan Baba, ya ce ko bayan gida zai je a bi shi.

Haka tsohon ya zauna har azahar, wuta a kashe, carbi a hannu. Ina kusa da shi. Tsoro yake ji kamar kowa, don ya san idan Ɗahiru ya cika, babu likitan da zai iya fahimtar da mutanen nan. A tsakiyar masu tsaronsa ya yi sallah.

Bayan sallar ne Lawan ya dawo tare da Sista Mufida, wata nas da ke sayen shayi a wurin. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, daga hawan jinin da Ɗahiru bai ma san yana da shi ba, kuma likita ya ce da an fara kai shi gida, da sai dai wani labarin. Lawan ya durƙusa a gaban teburin ya ce, "Baba, ka yafe mana." Baba ya ce ya wuce, ya tashi ya kunna wuta.

Sai dai jita-jita ta riga gaskiya zaga unguwa. Makonni bencin nan yana zaune wayam. Ni kaina na yi kwana tara ban je ba, kunya ce ta hana ni. Ranar da na koma bai tambaye ni komai ba, kuma bai rage ko ƙwayar kanumfari ɗaya daga haɗinsa ba.

Baba, kai ne ka shekara talatin kana sauraren hirar nas-nas da ɗaliban likitanci a bakin teburinka, muna zaton shiru kawai kake yi, ashe karatu kake ɗauka. Kai ne ka sa cikinka jingina don a ceci baƙon da ko sunan mahaifinsa ba ka sani ba. Ka ga lokacin da na zubar da shayina, na tabbata ka gani, kuma ba ka taɓa tada zancen ba. Yau ni na tada shi a gaban jama'a, ina neman afuwarka.

Yanzu tsufa ya zo, gwiwoyi sun ƙi, ranar Juma'a Baba Inuwa zai naɗe tebur ya koma garinsu Tudun Wada. Mun gode, Baba, Allah ya sa hutu ne mai albarka, ya saka maka da gidan Aljanna. Mu kuma da muka rage a bakin titin nan, mai awo da mai faci da mai kanti, mu riƙa duban fuskar wanda muke miƙa wa kaya, in kuma aka taru a kan mai gaskiya, kada mu yi shiru irin nawa. An yi ta gardamar wanda zai kai Baba tashar Unguwa Uku da kayansa, Lawan ya ce shi ne, wasu ma suka ce su ne. Ɗahiru ya ce kowa ya haƙura. Watansa uku da komawa tuƙi, kuma hannun hagun ya riƙe kan adaidaitar da kyau.