Ranar da Malam bai fassara ba

Ƙanena ya raka motar shanu daga Gure zuwa Gana, motar ta kife da su a hanya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta samu lambata a wayarsa, ta riƙa turo mini saƙon murya kowace safiya, da Ingilishi. Ni kaɗai na taɓa zaman kwalej a gidanmu, don haka da wayar ta yi ƙara sai Inna ta ajiye taɓarya ta zuba mini ido.

To, Ingilishin nawa na cin jarrabawa ne. Na san come, na san round. Amma da matar nan ta haɗa su a kan ƙanena, sai na rasa ko murna zan yi ko kuka. Na ji haushin harshen nan ƙwarai, a ce mutum ya san kalma biyu, a jera masa su kuma ya koma jahili.

Sai na nufi garkar tsohon malaminmu na Ingilishi, can cikin kwari, inda yake noman kabeji tun da ya bar aiki. Can ma a aji Malam ba ya fassara da baki kawai, sai ya yi da jikinsa. Ya saurari saƙon, ya sake saurara, sannan ya zube a gindin dabino ya rufe ido, can ya buɗe su yana waige-waige.

"Ya farfaɗo ke nan, ƴata. Da kin bar surutu a aji, da kin hutar da ƙafarki."

Haka muka riƙa yi kullum. Ranar throw up ya duƙa kan kwalbatin ban ruwa yana kakarin amai, har na yi dariya ba da niyya ba. Ranar da ta ce suna fata ƙanena zai pull through, Malam ya kama igiyar guga ya yi ta ja da ƙyar yana nishi, ya ce fata suke ya ƙetare. Duk da haka tsoro bai sake ni ba. Ina ƙetare tudun yashin da ke tsakanin kwari da gida, ina maimaita baƙin kalmomin a baki kada su zube.

Wata safiyar Laraba saƙon ya zo gajere. Matar ta yi magana a hankali, ta ambaci sunansa, ta faɗi wasu kalmomi biyu da ban taɓa ji a haɗe ba. Na ce wa Inna bari in je in dawo.

Malam na tsakar ban ruwa. Ya kara wayar a kunne, ni kuma na tsaya ina jiran in ga abin da zai kwaikwaya. Bai sake saurara ba. Ya miƙo mini wayar, ya wanke laka daga ƙafafunsa, ya ciro rigarsa daga reshe, ya gyara hula.

"Malam, me ta ce?"

"Na kwana biyu ban gaida mahaifiyarki ba. Mu je."

"Don Allah ku gwada mini, ko da hannu ne."

"Mu biya ta wajen liman tukuna, ƴata."

A garinmu ba a aiko mutum da irin wannan labari shi kaɗai, ba a kuma faɗa masa a hanya, dattawa ne ke kai shi har gida. Na sani sarai. Amma na bi bayansa cikin rana ina ta roƙonsa, kamar idan ya samo wata fassara za ta iya canza abin.

Inna na ƙofar gida tana jiran in kawo mata ma'anar kalmomin. Ta hango ni a bayan dattawa biyu, sai ta dafa bango ta zauna a ƙasa.