Ƙurajen da Suka Fito Mini a Cikin Takaba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar maigidana ban sake rubuta komai a nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko lafiya, ku yafe mini. Ba lafiya ba ce, amma yanzu da sauƙi.

Ban daɗe da shiga takaba ba ƙuraje suka feso mini a fuska. Goshi, kumatu, har gefen haɓa inda bakin hijabi ke gogawa. Da ma ina da su tun ina budurwa, amma ba irin waɗannan masu farin kai da zafi ba.

Ƙanwata Rabi ce ke zuwa daga Rafin Guza kullum tana taya ni zama a Badarawa. Ita ke shara, ita ke girki, ita ke wa 'yata wanka.

Rabi kuwa fuskarta sumul take tun muna yara. Ko sabulun wanki ta sa, ba abin da ke fito mata.

Mata za su shigo yi mini gaisuwa, su ce, "Ya haƙuri?" Kafin in gama amsawa sun juya. "Ke Rabi, wai wane mai kike shafawa ne?" A ɗakina. A kan tabarmar da nake kukan mijina.

Sai ta yi dariya ta ce, "Wallahi basilin ne kawai."

Da la'asar mijinta zai tsaya da babur a ƙofar gida ya danna ham. Ta gyara mayafi a madubina ta ce, "Yaya, sai gobe." Ni kuma in bi ta da kallo.

Kishi nake da ita. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma har na tsani jin sallamarta.

Ban je asibiti ba, don a sanina mai takaba ba ta kwalliya, kuma na ɗauka neman maganin fuska kwalliya ne. Sai na koma yi a ɓoye. Man goge baki. Lemon tsami da kanwa. Idan Rabi ta tafi, in zare fil ɗin ɗankwalina in tsokale su ɗaya bayan ɗaya, in matse har jini ya biyo mugunya.

Wata rana ta kama ni. Ta ce, "Haba Yaya, za ki ɓata fuskarki fa."

Na ce, "Ina ruwanki? Ke da ba ki san ƙurji ba, ba ki san rashin miji ba. Ki zauna a gidanki, na gode."

Ta ajiye tsintsiya ta fita. Washegari ba ta zo ba.

Wani babba da na matse a gefen hanci ya kumbura. Kuncina ya yi suntum, idona na hagu ya kusa rufewa, ga zazzaɓi. Na ɗauki waya in kira Rabi, na ajiye. Da wane baki?

Maƙwabciyata ce ta gaya mata. Sai ga ta da Keke Napep har ƙofar gida. Ta ce, "Na tambayi malamar Islamiyyarmu. Ta ce magani ba ado ba ne, kuma fita don lalura ba ta ɓata takaba. Tashi. Zagin ki ƙarasa shi a hanya."

A asibiti aka ɗebi jinina, aka gwada suga, aka lakaci mugunyar za a duba. Aka ba ni gado, aka sa mini ruwa da allurai. Kuɗin ya yi mini nauyi, mijin Rabi ne ya biya. Na ji tsoro sosai da likita ta ce ciwon gefen hanci yana iya hawa ido.

Na tambaye ta, "Likita, dattin jini ne ke fitowa?"

Ta ce, "A'a, Malama. Ƙofofin fata ne ke toshewa da maiƙo da matacciyar fata, ƙwayoyin cuta su taru a ciki. Sai jiki ya turo sojojinsa na cikin jini su yi yaƙi. Farin abin nan gawarsu ce da ta ƙwayoyin. Idan kika matse, ciki kike turawa." Ta ƙara da cewa damuwa da rashin barci suna tayar da su.

A kan gadon nan Rabi ke goge mini fuska da auduga, a hankali. Na tuna maigidana. Idan ya gan ni gaban madubi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bar mini su, a haka na gan ki na ce ina so."

Na fashe da kuka. Na ce, "Rabi, ba fatarki nake wa kishi ba. Mai kallon taki fuskar ne har yanzu yake da rai."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ki daina motsi, ban gama ba."

Yanzu na fita takaba. Tabo ya rage a gefen hanci, likita ta ce zai dushe sannu a hankali.

Masu fama da ƙuraje, don Allah kada ku matse. Ku wanke fuska safe da yamma da sabulu marar ƙarfi, ban da dirza. Ku guji mai mai nauyi da haɗin bilicin. Ku riƙa wanke hijabi da rigar filo. Idan ya kumbura ko zazzaɓi ya zo, ku tafi asibiti, ko kuna takaba. Maganin yana ɗaukar makonni, ku yi haƙuri da shi.

Na gode wa Allah, na gode wa likita da masu jinya. Ku sa maigidana a addu'a.

Rabi, gobe ki zo da wuri. Na ajiye miki ɗumame.